Ƙwayar da Aka Ce ta Maza Ce

Kwana uku da yi wa Auta tiyata aka sallamo ta gida. Ƙari aka ciro mata daga mahaifa, wanda likita ta ce mai yiwuwa shi ya yi shekara shida yana hana ciki zama. Tana kwance a kan doguwar kujerar falo, filo a ƙarƙashin gwiwoyinta, keken ɗinkinta na lungu a lulluɓe da zani, sai ƙanwar mijinta, 'yar jami'a, ta zazzage jakar asibiti za ta ware kayan wanki. Wani ɗan kwali ya faɗo.

"Anti, wannan kuma na waye?"

"Nawa ne. Likita ta ce in riƙa shan ɗaya kullum har mako guda, kada fitsari ya riƙe mini tunda an cire mini robar fitsari."

Yarinyar ta zaro takardar cikin kwalin ta karanta, ta daddanna waya, ta zaro ido.

"Kai! Inna, zo ki ji! Wallahi maganin maza ne. Ga shi a intanet, na dattawan da fitsari ke ba wahala. Har an rubuta yana iya taɓa namiji ta wajen haihuwa!"

Inna, uwar mijin Auta, ta fito daga kicin hannunta na ɗigar ruwa. Jinya ta zo yi, amma tun shekarar farko jininsu bai haɗu ba. Ta karɓi kwalin ta jujjuya shi, sannan ta dubi Auta.

"Ashe! Ni na san ruwa ba ya tsami banza. Shekara shida ana ɗora wa ƙari laifi, ashe ɗana kike ɗura wa guba!"

"Inna, ki ji tsoron Allah. Shekaranjiya aka ba ni shi."

"Rufe mini baki! Likitar makauniya ce da za ta ba mace maganin maza?"

Ana cikin haka mijin ya shigo cin abincin rana. Kafinta ne, ƙurar katako duk a gashinsa. Shi ne ya yi kwana uku yana zarya asibiti, shi ya ba da jininsa aka ƙara mata. Auta ta ji sanyi a ranta da ganinsa, don ba ta taɓa kawo wa ranta zai yi shakkarta ba.

Ya saurari uwarsa, ya karɓi wayar ƙanwarsa ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, bai iya haɗa ido da matarsa ba.

"Maigida, kira asibitin mana ka tambaya," in ji Auta.

"Yau Asabar. Ki bari sai Litinin mu je tare." Ya sa kwalin a aljihu. "Kafin nan kada ki sha."

"Kai ma ka yarda ke nan?"

"Ni ban ce komai ba."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta juya fuskarta ga bango, hawaye na gangara cikin kunnenta.

Washegari da safe ta lallaɓa banɗaki, ta zauna, babu ko ɗigo. Ta buɗe famfo kamar yadda nas ta koya mata, ta jira, shiru. Ta sake komawa da hantsi, ta koma da azahar. Mararta ta ɗaure tamau kamar an hura ƙwallo, ɗinkin tiyatar yana ja kamar zai tsinke. Ta so ta faɗa, amma wa za ta faɗa wa? Mijin ya fice shago tun da sassafe ko kallonta bai yi ba, Inna kuma duk sanda ta ga ta nufi banɗaki sai ta taɓe baki.

"Mai laifi ba ya zama wuri ɗaya," in ji Inna.

Auta ta cije leɓe. Ruwa ma ta daina sha, tana ganin hakan zai rage mata azaba.

Da la'asar ƙanwar ta ji ƙarar faɗuwar bokiti. Ta tura ƙofa ta same ta durƙushe a kan tayil, gumi ya jiƙa rigarta, haƙoranta na karo.

"Inna! Anti za ta mutu! Ki kira Yaya!"

Da mijin ya iso, a hannu ya ɗauke ta zuwa mota. Suna isa asibiti nas ta taɓa marar, ta yi salati, ta ja labule. Da aka sa robar, abin da ya fito ya cika jaka ɗaya har aka ɗaura ta biyu. Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta rufe ido.

Likitar da ta yi mata aiki ta fito ta same su a baranda.

"Tun yaushe rabonta da fitsari?"

Babu wanda ya sani. Kafinta ya sunkuyar da kai.

"Tana shan ƙwayar da na ba ta?"

Ya ciro kwalin daga aljihu. "Likita, an ce na maza ne."

"Ƙwarai, maza aka fi ba wa. Yana sassauta bakin mafitsara ne fitsari ya samu hanya, kuma mace ma tana da mafitsara, malam. Bayan irin wannan aikin mafitsarar takan yi nauyin tashi, shi ya sa nakan ba wasu don rage haɗarin. Ba zan rantse maka cewa da ta sha ba za ta riƙe ba, ba kowa yake wa aiki ba. Amma yini guda tana cikin wannan hali a gida ɗaya da ku, ba wanda ta iya gaya wa? Mafitsarar ta miƙe fiye da ƙima. Sai ta koma gida da roba, kuma ban san yaushe za ta dawo daidai ba."

Ƙanwar ta fashe da kuka. "Sori Yaya, ni na jawo, ban karanta duka ba." Inna kuwa ta nemi benci ta zauna.

Kafinta ya shiga ya durƙusa a gefen gado.

"Autata, ki yafe mini."

Ba ta buɗe ido ba. "Ciwon mara bai kai ciwon kallon da ka ƙi yi mini ba."

Mako biyar ta yi da roba. Sau biyu ana cirewa ana mayarwa, zazzaɓi ya kwantar da ita a tsakani, ta rame har zobenta na zamewa. Kafinta ya bar shago a hannun abokin aikinsa. Shi ke zubar da jakar, shi ke wanke mata jiki, yana rubuta awon fitsarin da nas ta ce a riƙa rubutawa. Auta takan amsa masa da "to" da "a'a", daga nan ba ƙari.

Wata rana wata ƙawar Inna ta zo dubiya, ta ɗan toshe hanci ta ce ai mace mai jaka sai a mayar wa iyayenta su yi jinya. Kafin Inna ta yi magana ɗan nata ya miƙe.

"Baba, nan ne gidanta. Mu muka sa mata jakar nan, mu za mu ɗauka."

Inna ta dubi ƙawarta ta ce, "Gaskiya ya faɗa. Tashi in raka ki." Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, sannan ta ce, "'Yata, na ci amanarki. Bakina ya riga hankalina."

Auta ta yi kuka mai yawa a ranar, ta ce ta yafe.

A karo na uku da aka cire robar, ta shiga banɗakin asibiti. Bayan ɗan lokaci ta fito tana dafa bango, ta dubi mijinta da ke tsaye kamar mai jiran hukunci, ta gyaɗa kai alamar fitsarin ya fito. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Ita da kanta ta kama hannun ta sauke.

Haƙurin Auta bai faɗi ƙasa banza ba, amma ta sha wuyar da bai kamata ta sha ba. Rabin sani ya fi jahilci cutarwa, kuma zato idan ya shiga gida, mara lafiya yake fara kayarwa. Wanda bai gane magani ba ya tambayi wanda ya rubuta shi, wanda kuma yake son matarsa ya ji ta bakinta kafin ya yanke mata hukunci.