Wadda Ake Fara Sanarwa

Ku matso, ku rage murya. A wani ƙaramin asibitin ƙauye abin ya faru.

Haladu mai gyaran sola ne, mutum mai son tsari. A ɗakin baturan asibitin akwai wata kwamfuta mai aiki ɗaya: in wutar gari ta ɗauke, ta sanar. Waɗanda ake sanarwa suna jere a cikinta, kowa ya ji ya miƙa wa na gaba. Batura, janareta, sannan kwalbar da ake ɗumama bakwaini.

Amma a saman jerin akwai wani layi. Ba suna. Ba wayar da ta kai gare shi. Sai an jira shi daƙiƙa uku saƙo yake wucewa.

"Marigayi Sallau, tsohon mai gyaranmu, shi ya sa shi," in ji Asabe, ma'aikaciyar jinya. "Ya ce kar a taɓa."

"Ɓata lokaci ne, Anti."

Ya goge. Ya gwada, janareta ya tashi nan take. A bayansa wani abu ya tsala ƙara, siririya. Haladu ya ce mage ce.

Ana kiran magariba wuta ta ɗauke. Shiru. Batura ba su karɓa ba, janareta bai motsa ba.

"Haladu!" Asabe ta ƙwala daga ɗakin haihuwa. "Kwalba ta mutu! Yarinyar nan kwananta biyu, jikinta zai huce!"

Ya ruga ɗakin batura. Wata mata na zaune a kansu, lulluɓe, da jariri a cinya. Bai ji shigowarta ba. Ya haska ƙafafunta. Kofato.

"Samari." Muryar tana gunji kamar taransifoma. "A gidanku ana watsa ruwan zafi ba bisimilla?"

"A'a, Inna."

"Ɗana a bakin salansar janaretan can yake kwana, don ɗumi. Sallau yana ba ni numfashi uku in ɗauke shi."

Ta yaye zane. Hannun jaririn ya saɓule har gwiwa.

"Saƙonka yana wurina," ta ce. "Na riƙe."

"Inna, ki yafe. Ta cikin kwalba ba ta da laifi."

"Nawa yana da shi?"

Kwamfutar kaɗai ke da haske. Ya mayar da layin, a sama, inda yake.

"Wane suna zan sa?"

"Bar shi haka. Na san wurina."

Ɗaya. Biyu. Uku. Janareta ya yi tari, ya kama. Da ya ɗago, ba kowa sai ƙaurin gashi.

Yarinyar ta rayu, bara ta shiga firamare. Shi kuwa Haladu, tun ranar, ko ina yake, kunnensa na dama kan yi gunji sau uku kafin wuta ta ɗauke. Sai ka ga ya daina magana, ya ce bisimilla.

Don haka kada waninku ya shiga ɗakin injin shi kaɗai da magariba. In kuma kun tarar da layin da ba ku kuka rubuta ba, ku bar wa mai shi.