Kwalin Sifikar Muzammil

"Ɗaga shi daga ƙasa! Ɗaga shi na ce!"

Tun da Naja'atu ta yi wayo ba ta taɓa jin mahaifinta ya ɗaga murya haka ba. Ta tsaya cak a bayan labulen zaure, da tiren zoɓo a hannunta.

Yau ce fa ranar da iyayen Muzammil suka taso daga Kabo domin a sa rana. Ga goro, ga alawa, har an fara addu'a. Sai ga Abdulmuttalib, babban ɗalibin mahaifinta Malam Muntari kuma mataimakinsa a Islamiyya, ya faɗo zauren rungume da wani baƙin akwati, wayoyi na reto a jikinsa. Ya dire shi a tsakiyar tabarma, ya kama gefen ledar da aka lulluɓe shi da ita ya yage.

Bisimilla ce ɓaro-ɓaro da koren rubutu, ƙarƙashinta aya guda. Ruwa ya taɓa ta, ga jirwayen manja a gefe.

"Allah gafarta Malam," in ji Abdulmuttalib, yana wani sunkuyar da kai, "a but ɗin motar surukin naka na ciro shi. Akwatin sifika ne. Kwalin Alƙur'ani ya yanka ya haɗa, a ciki yake sakin kiɗa."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Malam da kansa ya sunkuya ya ɗauki akwatin ya ɗora a cinyarsa, yana share rubutun da bakin rawaninsa. Aka kira Muzammil daga waje. Yana ganin rubutun sai fuskarsa ta sauya.

"Kai ka haɗa wannan?"

"Ni ne, Malam."

"A ina ka samo kwalin?"

Naja'atu ta runtse ido. Shi ke nan, yau asirinta ya tonu.

"Laifina ne, Malam," Muzammil ya ce a hankali. "Ni ya kamata in duba."

Malam ya dubi baƙin, idonsa jawur.

"Ku yi haƙuri, ku ɗauki goronku. Gidan nan ba mu da gona, ba mu da shago. Littafin nan shi ne gadonmu."

Wayyo Naja'atu! Da ƙyar ta kai ɗaki.

Ita ce ta ba shi kwalin. Wallahi ita ce.

Muzammil direba ne, tsohuwar Golf yake ja tsakanin Gwarzo da Kabo. Tun farko Umma ba ta so shi ba, wai 'yar malamai guda, malamar hadda, ta rasa wanda za ta kwaso sai ɗan tasha. Malam ne ya bincika, ya ji ba ya wasa da salla, ya ce a bar yarinya da zaɓinta.

Ita ce kuma ta fara tsokanarsa, ran da ya kai su biki Gammo.

"Wai rediyon motar nan taka, gyare ne ya maƙale a gwangwani?"

Ya yi dariya har da dukan sitiyari. Bai yi mako ba ya zo zance da wata sifika mara akwati da ya samo a Kano, ya ce ita sifika in ba a yi mata ɗaki ba muryarta watsewa take yi. Katako ya fi, amma in an sami kwali mai kauri aka ninka, shi ma yana yi. Nan da nan ta tuna da tarin kwalaye a ɗakin littattafan Baba. Ta zaɓo wanda ya fi ƙarfi, wanda aka manne jikinsa da takardar siminti tun daga inda aka aiko shi. Ta san sarai Alƙur'anan makaranta ne suka zo a ciki. Ta jujjuya shi ba ta ga rubutu ba, ta ce a ranta ai kwali kwali ne. Ba ta ɗaga takardar ba, kuma ba ta gaya masa ba.

A dakalin ƙofar gida suka haɗa shi, da la'asar sakaliya. Ita ta kifa murfin tukunya ta zana da'ira, shi ya bi da reza yana yanka bakin da sifikar za ta zauna. Suka ninka kowane gefe uku, tana shafa gam yana dannewa da bulo.

"Toshe nan da kyau, Najata. In iska ta sami kafa ko kamar ƙofar allura ce, sauti ya mutu."

"To injiniya!"

"Ba'a za ki yi mini ko? Bari ki ji."

Ya cusa audugar tsohon matashi a ciki, ya lulluɓe da baƙar leda, ya haɗa waya. Da ya kunna, sai ga sauti ya fito da nauyi, har tana jin sa a ƙirjinta. Ta riƙe baki tana dariya, shi kuwa ita yake kallo.

"Kin ga abu na farko da muka gina tare. Saura gida."

Wannan maganar ce yanzu take ci mata zuciya kamar wuta ta kama audugar rimi.

Washegarin ranar da aka mayar da goron ta kira shi a waya, tana kuka kamar ranta zai fita.

"Masoyi, zan faɗa wa Baba..."

"Kul! Kada ki soma."

"To in zuba ido a rabu da kai a kan laifina?"

"Ki saurare ni, Najata. Ni direba ne. In an ce direba ya yi jahilci, gobe an manta. Ke fa? 'Yar Malam Muntari, mai koya wa 'ya'yan mutane hadda? Wa zai sake kawo miki 'yarsa? Shi kansa Malam da wane ido zai kalli Gwarzo?"

"Mu fa, Muzammil? Mu fa?"

Ya sassauta murya.

"In Allah ya rubuta ke tawa ce, babu mai gogewa."

Ta kuwa yi shirun. Abin kunya, amma ta yi. Tsoro ba ƙaramin abu ba ne. Tana ji a gari ana cewa direban Kabo ya yi kiɗa da Alƙur'ani, fasinja suna ƙin shiga motarsa, har a tasha an daina ba shi layi. Tana ji Umma na cewa, "Ai dama na faɗa! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ga Abdulmuttalib yaron kirki, tun yaushe yake bin ki kina wulaƙanta shi." Shi kuwa gogan har ya fara aiko da turare. Abinci ya daina wuce mata, in ta buɗe Alƙur'ani a gaban ɗalibanta sai haruffa su haɗe da hawaye.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ji sallamarsa a zaure. Ta lallaɓa bayan labule. Ya rame, kamar wanda ya tashi daga jinya. Malam na zaune, Abdulmuttalib na gefensa, akwatin kuwa yana kan kantar littattafai an rufe shi da farin ƙyalle.

"Malam, ba biko na zo ba," in ji Muzammil. "Na san na rasa wannan. Zuwa na yi a koya mini yadda ake raba rubutun da kwalin, in yi da hannuna. Tun ranar ban yi barci ba. Kaji na ɗora a kai, Malam, da jarkar manja..."



Malam ya dube shi.

"Zan sake tambayarka. Irin kwalin nan babu shi a kasuwa. Wa ya ba ka?"

"Malam, ka yi mini rai. Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ba zan faɗa ba."

Haba! Ina zuciyar da za ta iya jure wannan? Naja'atu ba ta san lokacin da ta yaye labulen ba. Ta zube a gaban mahaifinta.

"Ni ce, Baba!"

"Naja'atu, koma ciki!" Muzammil ya faɗa da sauri.

"Ba zan koma ba. Baba, daga ɗakin littattafanka na ɗauka. Na san abin da ya zo a ciki, ban ɗaga takardar na duba ba. Ni na shafa gam ɗin da hannuna. Shi bai san komai ba, wallahi bai sani ba..."

Carbin Malam ya tsaya. Bai yi tsawa ba, da ma tsawar ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ke? Ke da na ɗora wa alƙalami a hannu tun ba ki iya ɗaura zani ba?"

"Ka yafe mini, Baba."

"Kuma kina cikin gidan nan, kina ci kina sha, ana jan sunan bawan Allah a ƙasa?"

Ta kifa kai, kuka ya ci ƙarfinta.

Abdulmuttalib ya ga abin na neman kuɓuce masa, sai ya gyara zama. Ai ka san mai haƙa rami ba ya duba zurfinsa.

"Allah gafarta Malam, ko ita ta ba shi, ai sakacin nasa ne. Rubutun nan fa ba jiya ya fito ba. Tun kafin azumi na shiga motarsa zuwa Kabo, da idona na ga ledar da takardar simintin sun ɗaye ta baya, an jingina buhun albasa a kai. Mai mota bai..."

"Tun yaushe?"

"Tun... kafin azumi, Malam."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Ka gane aya ce?"

Sai a nan ya ji ƙasa na zamewa. Ya fara in-ina.

"Ka ga sunan Allah a ƙarƙashin buhun albasa," Malam ya ce, kalma ɗai-ɗai, "ka sauka ka tafi gida ka yi barci. Ka yi azumi, ka ja mana tarawihi, sunan Allah yana can. Ka ajiye shi sai ranar da zai yi maka amfani."

"Malam, jira nake in tabbatar..."

"Shi bai sani ba. Ita ta yi ganganci, kuma za ta ɗanɗana, don ba za ta sake zama gaban ɗalibai ba sai na ga ta koyi dubawa. Kai kuwa da saninka ka yi farauta da aya. Tashi ka ba ni wuri, Abdulmuttalib. Ban koya maka wannan ba."

Ya fita sumui-sumui, ko takalmi bai saka daidai ba.

Malam ya sauko da akwatin, ya aika aka kawo reza da ruwan ɗumi da sabon kasko. Ya nuna wa Muzammil yadda zai jiƙa gam ɗin ya saki, ya ɗaye fatar kwalin a hankali kada harafi ya yage. Naja'atu na riƙe da gefe, hawayenta na ɗiga a kan hannunta. Ninki bayan ninki suka warware abin da suka gina. Da rubutun ya fita cif, Malam ya karɓa da hannu biyu, ya sa a kasko ya ƙone, ya ce a haƙa rami a gindin darbejiyar makaranta inda ƙafa ba ta bi, a binne tokar.

Muzammil ya tattara sifikarsa tsirara da tarkacen kwali, ya durƙusa.

"Na gode, Malam. Na bar ku lafiya."

Bai ko kalli inda take ba, don ya san in ya kalla ba zai iya tashi ba. Naja'atu ta ji kamar ana zare mata rai. Har ya kai bakin ƙofa.

"Muzammil."

"Na'am, Malam."

"An hana ka layi a tasha, an zage ka a gari. Kalma ɗaya za ka faɗa ka wanke kanka. Me ya hana?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam... ita ce fa."

Dattijon ya juya ya dubi 'yarsa, karon farko tun da ta yi magana. Idonsa ya ciko.

"Kin ji ko? Ni na yafe miki kwalin. Shirun da kika yi kuwa ba nawa ba ne, ga mai shi nan."

Ta juya kan gwiwoyinta ta fuskance shi.

"Ka yafe mini, Muzammil..."

"Ban taɓa riƙe ki ba, Najata."

Malam ya share fuska da tafin hannu, ya jawo carbinsa.

"Uba ba ya neman wa 'yarsa komai a gidan miji sai rufin asiri. Kai tun ba ta zama taka ba ka rufa mata. Je ka Kabo, ka ce wa iyayenka in ba su yi fushi da ni ba, su dawo mini da gorona."