Shaidar Dona Filomena

Ranar Lahadi da rana Graça ta sami mahaifiyarta, Dona Filomena, a kicin ɗinta a garin Fall River na Amurka tana yanka ganyen miya. Ta ajiye mata takardar lauya a gefen tukunya.

"Mama, saura kwana tara mu je ofishin shige da fice. Suna son shaidar dangi cewa aurena da Wilmer na gaske ne, ba na neman katin zama ba. In ba su gamsu ba, Guatemala za a mayar da shi."

Dona Filomena ba ta ɗago ba. Shekara biyu da auren, ko coci ba ta je ba ranar ɗaurinsa, don ba ta so 'yarta mai digiri ta ƙare da mai gyaran rufin gida ba.

"Rantsuwa za ki sa ni a kan ƙarya? Ban taɓa amincewa da auren nan ba."

"Haba Mama! Layi biyu fa, ki ce kina murna, please!"

"Ba na murna."

Graça ta fita da kuka. A mota Wilmer ya riƙe hannunta. "Ƙyale ta, masoyiya. Matar da ta koyar da Turanci shekara talatin? Ko gaishe ta na yi sai ta gyara min."

Ita kuwa tsohuwar ta zauna ta karanta takardar a tsanake. Kalmar da lauyan ya sa believe ce, ba approve ba. Ba a tambaye ta ko auren ya yi mata daɗi ba. An tambaye ta ko ta gaskata shi.

Da safiyar ranar zuwa ofishin ta miƙa wa Graça ambulan a liƙe. A ofis wata jami'ar shige da fice ta buɗe, ta karanta musu:

"Ban so wannan aure ba, har yau ban gama so ba. Amma lokacin da aka yi wa 'yata aikin kafaɗa, na shiga gidansu ban ƙwanƙwasa ba, na tarar da mutumin nan yana wanke mata kai, yana tsefe gashin sili-sili don kada ta ji zafi. Bai san ina kallo ba. Abin da na gani ke nan, a kansa zan rantse."

Jami'ar ta dubi Wilmer. "Wasiƙun yabo nake karantawa kullum har na gaji. Surukar nan taka ba ta da sauƙi, ko?"

"Ko kaɗan, ranki ya daɗe!" in ji shi, yana goge ido.

Bayan mako uku katin ya iso. Wilmer ya buga waya ya yi godiya.

"Daina gode min, gaskiya kawai na faɗa," in ji Dona Filomena. Sannan ta ƙara da cewa: "Ka zo cin abinci Lahadi. Kai nake gayyata, ba rakiyar matarka za ka yi ba."

Ba a tilasta wa zuciya amincewa. Amma mai haƙuri, halinsa ne zai yi masa shaida, ko a bakin wanda bai so shi ba.