Kwaɗon da Ba a Fasa Ba

Da hantsi wata tela ta shigo ofishin Sufeton 'yan sanda, idanunta jawur. An ci zarafin 'yarta a ɗakin ajiyar kaya na makaranta, kuma tun jiya yarinyar ta ƙi buɗe baki.

A makarantar, malamai duka yaro ɗaya suka nuna: wanda ake kira Shiru-shiru, ɗan shekara sha biyar, mai zama shi kaɗai a ƙarshen aji. Bara an kama shi yana leƙen 'yan mata ta taga.

"Wa ya gan shi a wurin?" Sufeto ya tambaya.

"Ni ne, Yallaɓai," in ji shugaban ɗalibai, ɗan sha bakwai, tsaf da shi. "Wallahi abin ya tsaya mini a rai."

Sufeto ya duba ƙofar ɗakin. Ba a fasa kwaɗon ba.

A ofis, likitar halayyar yara ta zauna da yaran biyu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta samu Sufeto.

"Shiru-shiru ya amsa laifinsa na bara tun ban tambaya ba, yana kuka. Kunya da kaɗaici ke cin sa. Irinsa in ya samu mai kula da shi, da wuya ya sake. Sau uku yana ce mini, 'Ya jikinta?'"

"Ɗayan fa?"

"Tambayarsa ɗaya ce: 'Me ta gaya muku?' Irinsa nake tsoro. Wannan ba hujja ba ce, amma ka bincika."

Sufeto ya nemi mai gadi. Makulli biyu ne, in ji tsohon: ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin shugaban ɗalibai.

"Ina makullinka?" Sufeto ya tambayi shugaban ɗaliban.

"Ya ɓata tun makon jiya, Yallaɓai," ya ce yana murmushi.

"To da me ka buɗe jiya da safe ka raba tsintsiya? Mai gadi yana tsaye."

Murmushin ya ɗauke.

"Ni ne," ya ce, ko gezau. "Na san ba za ta faɗa ba. Shiru-shiru kuwa, wa zai yarda da shi?"

Wani kofur ya tasa ƙeyarsa, uwarsa da kawunnansa na biye suna kuka.

A kan benci Sufeto ya tarar da Shiru-shiru, ya haɗa kai da gwiwa.

"An sallame ka. Gobe likita za ta gan ka. Wa zai zo ya tafi da kai?"

"Babu kowa, Yallaɓai."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Taso in raka ka."