Mai Kawo Ɓawo

A bakin titi suka fara haɗuwa, gaban teburin da yake matse lemo yana sayarwa. Rana ta take, ƙafafunsa sun yi nauyi saboda tsayuwa. Ita kuwa kwandon sharar da ke ƙarƙashin teburin take kallo.

"Malam, ɓawon nan zubarwa kake yi?"

"To me zan yi da shi, 'yar'uwa? In zuba a aljihu?"

Ta yi murmushin wadda ta gaji. Ta bayyana masa cewa yin alawar ɓawon lemo sana'ar gidansu ce. Ana yanka ɓawon siri-siri, a tafasa, a zubar da ruwan, a sake tafasawa har ɗacin ya fita, sannan a dafa shi cikin ruwan sukari a kan wuta kaɗan har ya yi sheƙi, a shanya. Dabara ce da ta girmi firij da ƙarnuka masu yawa, kuma ba a taɓa yin zamanin da ta zama mai sauƙi ba.

"Sai dai naka ba zai yi ba," in ji ta. "Ka murƙushe shi. Wanda aka tsaga aka ɓare da hannu nake nema."

Daga ranar ya koma ɓare kowane lemo da hannu kafin ya matse. Ruwan lemon ya cinye masa gefen farce, masu saye suna ƙorafin jinkiri. Kullum da yamma yakan kai buhu ƙofar gidansu.

Ta rubuta masa a waya: "Mai Lemona, yau bayana kamar ba nawa ba. Amma ɓawonka ya yi kyau."

Ya amsa: "Sarauniyar tukunya, ki ɗan zauna mana. Tukunyar ba guduwa za ta yi ba."

Mahaifiyarta, wadda ta koya mata sana'ar, ba ta ga abin burgewa ba.

"Kowa ana kawo wa 'yarsa turare, ni shara ake kawo min! Ga mai shagon sukari nan, mutum da motarsa, har sau nawa zai aiko neman aurenki?"

"Mama, ni dai..."

"Ke dai me? Juya tukunyarki."

Wata rana mai lemon ya hango yarinyar daga ƙofa tana gyangyaɗi a tsaye, ludayi a hannu, tururi na dukan fuskarta. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi tunanin cewa farar tsokar da ke jikin ɓawon ita ce tushen ɗacin, in babu ita babu yawan tafasa. Ya rufe teburinsa, ya ɗauki cokali, ya kankare buhu guda tas.

Da ta buɗe buhun sai ta zauna a ƙasa.

"Wa ya sa ka? Farin nan shi ke shan sukari! Yanzu in na dafa, busasshiyar fata zan samu. Ga mai gidan burodi yana jiran kaya. Tafi, don Allah, na gaji."

Ya tafi. Saƙonsa ya biyo baya: "Hutu na so in ba ki. Ki yafe min."

Mahaifiyar ta zaro ɓawo ɗaya, ta ɗaga shi a hasken taga. Ya yi sirir kamar takarda. Ta zaro wani, shi ma haka, babu ko ɗigon fari. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Malam, zo ka ga ɗan'uwanka!"

Mahaifin yarinyar ya leƙo daga ɗaki, ya gyara tabarau, ya duba.

"A'a, a yi adalci. Ni kwano ɗaya na ɓata miki a zamaninmu. Wannan ya fi ni hauka."

Ta share ido, ta dubi 'yarta. "Mai sukari bai taɓa tambayar ko kin zauna ba. Kira wannan sakaran, ya turo manyansa."

Ranar da aka ɗaura auren, suka durƙusa gaban mahaifiyar. Ta kama hannunsa mai tsattsagewa, ta ɗora a kan na 'yarta.

"Ga ta nan. Aiki ba zai ƙare muku ba, wannan na sani. Allah Ya sa ku riƙa gajiya tare, ku huta tare. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Mama," suka ce.