Mai Tsuntsayen Fadamar Bayan Dam

Ku matso, ku rage murya. Ke Nafi, ajiye wayar nan, ba zan maimaita ba.

Kun san Malam Jazuli, wanda nake gaisarwa a bakin masallaci, mai yawan shiru ɗin nan? Da ba haka yake ba. Malamin makaranta ne a Zariya, kuma Allah ya jarabce shi da son tsuntsaye. Ba kamawa yake ba, ba ci yake ba. Kallo kawai, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Mun sha yi masa tsiya a kan haka.

Yana da baiwa guda. Duk kukan tsuntsun da ya ji sau ɗaya, zai kwaikwaye shi da fito. Ya yi kukan uwa, sai ka ga 'ya'ya sun leƙo daga sheƙa. Tsofaffi sun hana shi fito a daji, ya ce ai camfi ne.

Da gine-gine suka cinye fadamar da ya saba zuwa, sai ya shiga cigiyar wani wuri kusa da gari. Wani masunci ya ce akwai wata a bayan dam, har gauraka na sauka, amma su masunta ba sa shiga. Jazuli bai tambayi dalili ba. Ran Asabar da sassafe ya hau babur shi kaɗai.

Wurin ya fi yadda aka faɗa. Ga zalɓe, ga belbela, ga cilakowa a kan kanya. Ya tsuguna a gindin bishiyar, ya yi fito irin na uwa. 'Yan tsaki suka amsa. Ya ƙara.

Sai komai ya yi tsit. Ko kwaɗo.

Wani tsoho na zaune a bakin ruwa, inda ɗazu babu kowa. Babbar rigarsa ta rufe ƙafafunsa har ƙasa. Jazuli ya yi sallama. Tsohon bai amsa ba, sai ya juyo da kai gefe guda, ya dube shi da ido ɗaya.

"Kai ne mai kiran 'ya'yan mutane da muryar uwarsu?"

Jazuli ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai wasa ne, Baba. Tsohon ya tambaye shi ko yana da ɗa. Ya ce 'ya ɗaya, shekararta biyar.

"Sunanta?"

To kun dai sani, 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa ta ci. Tun ran suna bai taɓa furta shi ba, Ummi yake ce mata. Amma dattijo ne ya tambaya, ga shi kuma a daji babu mai ji. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Rakiya."

"Rakiya," in ji tsohon.

Wallahi duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi. Da muryar Jazuli ya faɗa. Sak, har da 'yar dishewar.

Jazuli ya ɗago, babu kowa. Sai sawu a cikin taɓo, yatsu uku gaba, ɗaya baya, kowane sawu ya kai faɗin faranti. Sawun bai nufi ruwa ba. Gari ya nufa.

Nan ya yar da madubin. Babur ya ƙi tashi sai a bugu na huɗu. Ya ce mini bai san yadda ya ƙetare titi ba, addu'ar da ke bakinsa ma ta harɗe, sunan Allah kawai yake iya kamawa.

Ya tarar da ƙofar gida a buɗe. Matarsa Hansatu na wanke-wanke, ta dube shi da mamaki. Ta ce ba yanzu ta ji shi a bayan katanga yana kiran yarinya da sunanta na yanka ba? Har sau uku, ta ce, ita ma abin ya ba ta kunya.

Ya ruga ɗaki. Ummi na tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ya durƙusa ya riƙe ta. Ya tambaye ta me ya hana ta fita.

Ta ce, "Na ji muryarka. Amma kai ba ka ce mini haka."

Yau Ummi shekararta goma sha biyu. Har yanzu, wani lokaci da hantsi, ana jin kiran daga bayan katanga, kuma yanzu mai kiran ya koyi cewa Ummi. Shi ya sa Jazuli da kansa ya kafa mata doka: ko ta ji muryarsa, kada ta waiwaya sai ta ga fuskarsa. In yana son ta, tashi yake ya je ya dafa kafaɗarta. Shekara bakwai ke nan bai kira 'yarsa ba.

Don haka kar wanda ya bi hanyar bayan dam shi kaɗai, ko da rana tsaka. In kuma kun ji na kira ku daga waje, ku fara leƙa ɗakina tukuna.