Ɗakin da Baba Ya Saki

Gab da faɗuwar rana Peishan ta jingine babur ɗinta a bakin tashar ruwan ƙauyensu, a gaɓar Chiayi. Guguwa na tafe daga teku, ga shi ƙofar ƙarfen da ke tare ruwan gishiri ta ɗaga kanta sau biyu tun safe. Ƙauyen a kwari yake, teku ta fi shi tudu. Idan ƙofar ta buɗe ruwa na cike, gidan da zai fara sha shi ne na mahaifiyarta, wadda ba ta iya sauka daga gado.

Kawu Teng mai gadi yana tsugune yana ƙona takardun hadaya a gwangwani. Watan bakwai ne, watan da matattu ke yawo, waɗanda ake ce wa 'yan'uwan kirki don kada ransu ya ɓaci.

"Ke 'yar nan, yanzu za ki shiga? Ki bari gari ya waye mana."

"Kafin gari ya waye ai kifi ne zai tarbe ni a falo, Kawu."

"Baki dai irin na ubanki. Na ɗora cincin mai koriyar leda a kan injin, irin wanda ake lallashin inji da shi, ya ƙi ji. Wannan ba matsalar waya ba ce." Ya rage murya. "In kin ji an kira sunanki, kada ki waiwaya."

"In sun iya C, harshen kwamfuta, su zo su taya ni aiki."

Ta shige. Ɗakin na warin laka da tsatsa da tsohon man inji. Ta jona kwamfutarta da akwatin da ke sarrafa ƙofar.

Mahaifinta ne ya rubuta umarnin da ke cikin akwatin, da harshen C, wanda aka ƙirƙira a Amurka tun kafin a haife ta don gina ƙashin bayan kwamfutoci. Har gobe shi ke cikin lif da mota da tukunyar dafa shinkafa. Baba yakan ce harshen nan wuƙa ce marar kube. Ka roƙi ɗaki a ƙwaƙwalwar inji, za a ba ka. Ka gama, kai za ka mayar da hannunka. Akwai kuma manuni, ɗan yatsan da ke nuna inda ɗakin yake. In ka saki ɗaki ba ka sauke yatsan ba, inji zai ci gaba da leƙawa, ya kuma bi maganar duk wanda ya tarar a ciki.

A nan ta kama kuskuren. Baba da kansa, mai faɗa da kowa kan ganganci, ya saki ɗaki ya bar yatsa a miƙe. Dariya ta zo mata, kewarsa ta danne ta. A bakin wannan ƙofar ruwa ya cinye shi, yana ƙoƙarin rufe ta da hannu, kuma ba a ga gawarsa ba.

Ta buɗe ɗakin a allo. Tarkacen lambobi ya kamata ta gani.

Kalma ɗaya ta gani. *Buɗe.*

Kwaɗin waje suka yi tsit. Warin laka ya ƙaru, har tana jin gishiri a harshenta.

Ɗis. Ɗis. A bayanta. Rufin kuwa ba ya yoyo.

Haruffan suka motsa, ba ta taɓa komai ba. *Ashan.* Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka: Baba.

"Ashan," aka raɗa daidai kunnenta. "Sanyi nake ji."

Wuyanta ya fara juyawa da kansa, ta cije leɓe ta tsayar da shi. Kowa a gaɓar nan ya san wanda ruwa ya ci ba ya fita sai ya sami wanda zai maye gurbinsa.

Can ƙasa sarƙa ta yi ƙara. Ƙofar ta fara ɗagawa.

Muryar ta sake raɗa: "Mutum ɗaya kawai nake so. Uwarki ai ta gaji."

A nan tsoronta ya koma fushi.

"Ubana rufe ƙofar nan yake yi ya mutu," ta ce. "In kai ne, ka san ba zan bari ba. In ba kai ba ne, wallahi ka yi kaɗan."

Hannu ya sauka a kafaɗarta. Jiƙaƙƙe, mai nauyi. Babu ɗan yatsan tsakiya, wanda injin niƙa ya cire wa Baba tun yana saurayi.

Hawaye suka rufe mata allo. Ta rubuta layin da ka, ta mayar da manunin sifili, yatsa ya daina nuna ko'ina.

Ta danna.

Wuta ta ɗauke. Ruwa mai sanyi ya haura idon sawunta.

"Ashan. Ina zan kwana?"



Akwatin ya yi ƙyas, ya farka. Sarƙa ta juya baya. Ƙofar ta sauka da ƙarar da ta girgiza bango, hannun ya zame daga kafaɗarta a hankali.

Da rarrafe ta fito. Kawu Teng ya dubi shatin yatsu huɗu a rigarta, ya kawar da kai, ya ƙara takardu a wuta.

Guguwa ta zo ta wuce, ƙofar ba ta ko motsa ba. Da safe Peishan tana ba mahaifiyarta kunun shinkafa, tsohuwar ta ce, "Jiya ubanki ya zo. A bakin ƙofa ya tsaya, sharkaf. Ya ce in gaya miki kin fi shi iya aikin."

"Fushi yake yi?"

"Ban gane ba. Fuskar duk ruwa ce."

Kafaɗar nan ba ta sake ɗumi ba. Duk watan bakwai Peishan takan kai kwanon shinkafa da ƙafar alade tashar, abincin da ya fi so, ta ajiye a kan dakali daga waje.

"Ci, Baba," takan ce, ba tare da ta waiwaya ba. "Amma ciki, babu ɗaki."